Mai hayar bash da kujerun da ya tsaya mana ranar makoki, abin da na gani a wurinsa mai daɗi da mara daɗi

Assalamu alaikum mutanen Damagaram. Yau kan masu hayar bash, wato rumfar tamfol, da kujeru da tabarmi zan yi magana, mutanen da ba ka tunawa da su sai ranar biki ko suna ko ranar da aka yi rashi. In biki ne ko suna kana da lokacinka, ka zaga gari ka tambayi kuɗi nan ka tambaya can, ka yi ciniki har ka yi fushi ka tafi a kira ka ka dawo. Mutuwa kam ba ta ba ka wannan damar, da asuba za a bugo maka waya kafin hantsi ƙofar gida ta cika, dattawa na tsaye ba wurin zama, rana na dukan mutane ko kuma hadari ya haɗo gabas, kai kuma da aka ɗora wa hidimar hankalinka ba ya jikinka. Duk kuɗin da aka faɗa maka a wannan lokacin biya za ka yi, kuma masu sana'ar sun san da haka sarai. Shi ya sa nake ganin wanda bai ci da wannan damar ba ya cancanci a faɗe shi mutane su sani, tare da inda ya gaza, dan ya gaza a wasu wurare kuma zan faɗa.

Wani dattijo ne, shagonsa ba shi da nisa da kasuwar Dole, kowa Alhaji yake ce masa. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba tunda ban nemi izininsa ba, mai buƙata ya same ni in haɗa su. Shagon in ka gan shi ba za ka ɗauke shi bakin komai ba, ɗaki ɗaya ne da fili a baya inda ake jibge ƙarafunan bash, kujerun roba farare da shuɗɗa an ɗora su kan juna sun kusa taɓa kwano, tabarmin roba a nannaɗe, butoci cikin buhu, manyan tukwanen dafuwar taro da tano na ruwa. Yana da adaidaita mai bodi ta ɗaukar kaya da kura ɗaya, da samari da ke masa aiki.

Damanar 2024 ce ta haɗa ni da shi, kuma duk wanda ke garin nan ya san abin da wannan damanar ta yi mana. Ranar Talata 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni ya zube, masallacin ƙasa da aka gina tun wajen 1850, wanda kakannin kakanninmu suka yi salla a cikinsa, aka yi ta yawo da bidiyonsa har gidajen rediyon waje suka ɗauki labarin. Mutane sun yi kuka kan masallacin kuma ya isa a yi masa kuka, amma wlh a cikin lunguna akwai gidajen da suka zube a makonnin nan da ba wanda ya ji labarinsu sai maƙwabta. Gwamnati ta ce a faɗin Nijar sama da mutum 300 suka rasu, sama da miliyan 1 ambaliyar ta shafa, Maraɗi ta fi kowa jin jiki, har komawa lakwal da aka saba yi farkon Oktoba sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga wata saboda azuzuwa da yawa ko sun lalace ko waɗanda gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki. Mako ɗaya bayan masallacin kuma sai ga labarin Maiduguri, dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shiga gari cikin dare mutane na barci. Kullum ka kunna rediyo lissafi ake, yau kaza gobe kaza, har kunne ya fara sabawa, kuma wannan sabon ni shi ya fi ba ni tsoro, ka ji an ce mutum goma sun rasu ka ce Allah ya jiƙansu ka ci gaba da shan shayinka.

Wanda bai zauna gidan ƙasa ba bai san yadda yake faɗuwa ba, yana zaton ruwa ne ke zuwa da ƙarfi ya ture shi. Galibi ba haka ba ne. Garin nan kan dutse yake, ruwa ba ya samun inda zai nutse sai ya gangara ya kwanta a unguwannin da ke ƙasa, gindin katanga ya yi ta sha a hankali kwana da kwanaki, sama kuma ƙasar da ke kan azara ta jiƙe ta yi nauyi, in indararo ya toshe ko ba a samu yin yaɓe ba kafin damana to shi ke nan. Sau da yawa ma sai ruwa ya ɗauke, an yi hamdala an koma barci, sannan ɗaki ya zauna. Haka aka yi a lungunmu. Ɗakin maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya faɗa kan yaransa biyu, mace da namiji, babbar ba ta wuce shekara bakwai ba, ita ce mai kawo mana aike da safe ta durƙusa ta gaida mu. Yadda aka fito da su ba zan rubuta ba, wannan na iyayensu ne, ba labarin da zan ba jama'a ba ne. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa masu ceto ne, ya ba uwarsu da ubansu haƙuri.

Bayan sallar asuba liman ya kira ni ya ce kai ka ji da maganar wurin zama, wani daga cikin jama'a ya ba ni lambar Alhaji. Na buga ya ɗauka, na faɗa masa. Abu uku ya tambaye ni, wace unguwa, mota na shiga lungun ko ba ta shiga, kuma wa ya rasu. Da na ce yara ne biyu gini ya faɗa musu sai ya yi shiru na ɗan lokaci ya yi salati, na ce Alhaji nawa za mu tanada sai ya ce Malam bar maganar nan tukuna, ku je ku suturta yara. Bai ce a kawo kafin alƙalami ba, bai ce a ajiye kati ba, bai san ni ba ban san shi ba. Duk wanda ya taɓa hayar kaya a garin nan ya san yawanci ba a fitar da ko kujera ɗaya sai an ga wani abu a hannu, kuma ban ga laifinsu ba dan an sha gudu da kayansu, amma ranar da ka rasa inda za ka sa kanka a ce maka je ka kawai, wannan kalmar tana da nauyi.

Lungun namu taɓo ne har ƙauri, adaidaitar ta tsaya bakin kwalta, yaran nasa a ka suka yi ta jido ƙarafuna da tabarmi. Kafin mu dawo daga maƙabarta an kafa komai. Kuma a nan na gane mutumin ya san aikinsa, dan kafa bash a ƙasar da ta jiƙe daban yake da kafa shi da rani, turaku ba sa kamawa, sai suka nemo duwatsu suka ɗaure igiyoyin da su, suka yi wa bash ɗin gangare ta gefe ɗaya yadda in ruwa ya zo zai zurare ta bayan mutane ba zai taru a tsakiya ya yi tumbi ya karya ƙarfe ba. Ƙarƙashin tabarmi suka fara zuba yashi suka shimfiɗa leda. Ni da na kira shi kujeru da yawa na ce a kawo, shi ya rage da kansa ya ƙaro tabarmi, wai zaman makoki na ƙasa ne, kujera ta tsofaffi masu ciwon gwiwa ce da baƙin da ba sa iya tanƙwashe ƙafa. Kuma kujera ita ce ake lissafawa ɗaya ɗaya, ma'ana kuɗinsa ya rage da bakinsa. Da hantsi ya zo da kansa, bai tsaya kan yaransa yana ba da umarni ba, takalmi ya cire ya zauna cikin jama'a ya ɗaga hannu aka yi fatiha ya ce wa uban yaran ya haƙuri, kamar kowa, sai da zai tafi wani ya nuna min shi ya ce ai ga mai kayan can.

Sai maganar ruwa. Ruwa ne ya rushe gidan amma ruwan alwala da na sha sai da ya zama abin nema, wanda ya san Damagaram ya san wannan ba sabon abu ba ne, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, su Arunguza da Ganaram da Gogo Machaya, unguwa na iya wuni famfo bai ɗiga ba, ga taron mutane kowa zai yi azahar da la'asar a wurin. Alhaji ya aiko tano da butoci masu yawa ya haɗa mu da wani ɗan ga-ruwa da ya sani ya ce masa kuɗin da ka saba sayarwa shi za ka sayar musu. Wannan ba ya cikin abin da na nema kuma bai sa shi a lissafi ba. Tukwane ma aro ya ba matan unguwa kyauta, a gidan maƙwabta aka ɗora su ba a gidan mamata ba, kuma haka ya dace, dan Manzon Allah (SAW) da labarin rasuwar Ja'afar ya zo cewa ya yi a yi wa iyalansa abinci saboda abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu kuma a wasu gidajen an juya abin, wanda aka yi wa mutuwa shi ke cin bashi ya ciyar da masu gaisuwa. Na san malamai sun saɓa kan zaman makokin kansa da sadakar uku da bakwai da arba'in, ba zan shiga nan ba, ni dai abin da na sani mutane za su zo gaisuwa ko an so ko ba a so ba, kuma dole su samu inuwa.

To yanzu inda ya gaza.

Na farko bash ɗin mata. Uwar yaran gidan maƙwabta aka mai da ita tunda nasu gidan sauran ɗakunan ma ba wanda ya yarda da su, kuma kowa ya san mata sun fi maza zuwa gaisuwa sun kuma fi daɗewa, namiji ya yi fatiha ya tashi, mace ta zo da goyo ta wuni. Amma bash ɗin da aka kafa musu a tsakar gida tsoho ne duk faci, mu maza a waje aka ba mu mai kyau. Washegari da aka yi yayyafi ya yi ta yoyo, tabarmi suka jiƙe, tsofaffi mata suka cunkushe a zaure da ɗaki ɗaya, uwar yaran da ko magana ba ta iya yi ana ta matsar da ita daga nan zuwa can. Mu a waje ba mu ma sani ba sai da maiɗakina ta aiko yaro ya kira ni, ranta a ɓace, ta ce ku kun zauna a bushe ita wadda ta haife su tana cikin jiƙa. Ba ni da amsar da zan ba ta. Na kira Alhaji wayar ba ta shiga, sai da na hau mashin na je shagon, ya ba da haƙuri ya ce masu kyan suna wani wuri, bai samu canzawa ba sai bayan la'asar. Wannan ba shi kaɗai ke yi ba, kusan duk masu hayar haka suke, abin da idon maza zai gani shi ake gyarawa cikin gida kuma a kai ragowa. Ni a ganina in ɗaya ne mai kyau to a kai shi ciki, maza ma iya fakewa a masallaci ko shagon wani.

Na biyu kujerun, wasu sun tsage a ƙafa an ɗaure da waya, wani dattijo saura kaɗan ya faɗi sai da aka tare shi. Tabarmi wasu na warin danshi da alama an nannaɗe su ba su bushe ba. Wayarsa kuma in ka same shi da asuba ka yi sa'a, da rana sai ka yi ta bugawa.

Na uku shi ne ya fi min ciwo, kuma shi ya sa na daɗe ina juya ko in rubuta wannan ko in bari. Ɗaya daga cikin yaran nasa, bayan sun gama kafa bash muna maƙabarta, ya shiga ya ɗauki bidiyon ɗakin da ya faɗi, da tabarmar yaran da kayansu cikin ƙasa, da muka dawo ya ƙara da uban yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, ya sa a sitatus na WhatsApp da rubutun innalillahi. Kafin azahar bidiyon ya shiga gurup gurup. Ƙanwar uwar yaran tana aure a Agadas, ana ta shawarar wa zai kira mijinta ya faɗa mata a hankali dan tana da tsohon ciki, ashe ta riga ta gani, ta gane ƙofar gidan yayarta ta gane zanen da ke kan igiya. Haka ta ji mutuwar 'ya'yan 'yar'uwarta, a waya, ita kaɗai a ɗaki.

Da na faɗa wa Alhaji ban ga ya kare yaron ba ko ya ce yarinta ce. Da daddare ya taho da shi har ƙofar gidan ya sa ya goge a gabanmu ya durƙusa ya ba uban haƙuri, kuma daga baya na ji yanzu in za su gidan rasuwa sai sun bar wayoyinsu a shago sai babbansu kaɗai. Na yaba masa wannan. Amma gogewar ba ta dawo da komai ba, abin ya riga ya fita, har yanzu yana cikin wayoyin mutanen da ba su san sunan yaran ba. Kuma yaron da na kalle shi ba mugu ba ne, da gaske kuka yake, a tunaninsa tausayi ya nuna. Abin da ya gani manya na yi shi ya yi.

Dan Allah jama'a mu duba wannan ɗabi'ar. A watan Oktoban 2024 da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka tafi aka yi musu kabari na bai ɗaya, me ba mu gani ba a waya? Mutane na ci da wuta ana ɗauka ana turawa, ka buɗe gurup na 'yan ajinku dan ka ga gaisuwa sai ka ci karo da gawar ɗan wani. Kuma mu nan Jigawa da Kano da Daura ba baƙin wuri ba ne, rabin garin nan na da dangi can, wa ya sani ko wanda ka tura wa ɗan'uwansa ne a ciki. A ƙarƙashin bidiyon kuma wasu na rubuta wai su suka jawo wa kansu da suka je kwasar mai. Eh kwasar mai haɗari ne kuma a yi ta faɗa wa mutane, mu ma mun ga irinsa a Yamai a 2019 kusa da filin jirgi, amma akwai ranar faɗar wannan, ba ranar da uwa ke neman abin da za ta gane ɗanta da shi ba. Haka da wuta ta kama azuzuwan zana a Maraɗi a Nuwamban 2021 yara aƙalla 25 suka rasu, hotunan da aka yi ta yawo da su ba wanda zai yarda a yi da nasa ɗan.

Ni ina tuna 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a sahara gaba da Arlit kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, yawancinsu 'yan nan yankin Kance, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Lokacin manyan wayoyi ba su yawaita ba, a rediyo muka ji, aka yi zaman makoki na ƙasa kwana uku. Mahaifiyata ba ta ga hoto ko ɗaya ba amma ranar ba ta ci abinci ba, tana ta cewa uwa tana kallon ɗanta na neman ruwa ba ta da shi. Jin kawai ya ishe ta ta sa kanta a wurinsu. Yanzu muna gani da ido kullum kuma ban ga tausayin ya ƙaru ba, sai ma dai yatsa ya ture ya wuce na gaba.

A wurin zaman ma akwai masu irin wannan bakin. Wani ya zo gaisuwa, bai gama shafa fatiha ba ya juyo yana ce mana ai an yi ta sanarwa a rediyo a fita daga ɗakunan da suka tsage, me ya sa ba su fita ba, kuma uban na jin sa. Su fita su je ina? Mutumin da abin da ya samo a kabu-kabu yau shi za a ci gobe, ya biya mai mashin ya sha mai, da me zai sayi siminti ko ya kama haya cikin damana? Kana zaton akwai wanda ya fi shi yi wa kansa wannan tambayar? Liman ne ya katse maganar cikin hikima, ya kawo hadisin da ya lissafa wanda gini ya faɗa wa da wanda ruwa ya ci cikin shahidai, ya yi bayani a taƙaice ya yi addu'a. Tun safe sai a lokacin na ga uban ya ɗago kansa ya dubi mutane.

Maganar kuɗi sai bayan an tashi daga zaman muka yi ta. Unguwa aka yi karo-karo, mai dala 100 mai jika, har matan da ke sai da ƙosai sun kawo nasu, na ɗauka na kai shago. Ya fiddo littafi ya nuna min yadda yake ba kowa, babban bash jika 5 a rana, kujera dala 10 kowace ɗaya a rana, tabarmi a dunƙule, ga kuɗin dako. Sai ya soke na bash ɗin mata gaba ɗaya ya ce wanda ya yi yoyo ba a karɓar masa kuɗi, ya soke dako, sauran ya karɓi na kwana ɗaya ya bar biyu. Na ce Alhaji ko dai a cika maka, ya ce a'a, kuma da zai iya da bai karɓi komai ba amma yaran nan sai ya sallame su su ma gidajensu na jira. Wannan maganar ta kwanta min fiye da a ce ya yi kyauta yana faɗa wa duniya. Abin da ya rage na karo-karon muka kai wa uban. Tsohon bash ɗin nan kuma ya sa aka ƙara masa faci ya bar musu aro suka kafa a tsakar gida suna kwana ƙarƙashinsa har Allah ya hore suka tada ɗaki ɗaya bayan damana, bai taɓa aikowa a tambaya ba sai da suka mayar da kansu.

Kar wani ya ɗauka mutumin arha yake bayarwa kullum. Daga baya na koma wurinsa hayar kayan suna, nan na ga ɗan kasuwa sosai, ciniki muka yi har na gaji ko dala bai rage ba, sai da na ajiye rabin kuɗi kafin a ɗora kaya, kuma kujera ɗaya da aka fasa sai da na biya ta. Farashinsa na biki da suna daidai yake da na sauran, ba sama ba ƙasa. Ya dai raba ranar murna da ranar kuka, kuma ban ga mutane da yawa masu raba su ba a cikin masu wannan sana'ar.

In Allah ya kawo rashi, Allah ya sa mu cika da imani, ni wurinsa zan tura mutum. Sai dai ka tura wani ya je da ƙafarsa kar ka dogara da waya, ka sa a warware bash ɗin a gabanka ka ɗaga shi ka duba ta rana ko akwai huji musamman wanda za a kai wa mata, ka zaɓi kujerun da hannunka dan ranar sunan ma na ga masu ɗaurin wayar nan suna nan ba a fitar da su ba, kuma in damana ce ka ce a haɗo da leda da igiya ta ƙari. Na yi masa maganar ya sayi sabon bash ya ware shi na cikin gida kawai, ya ce in sha Allah yana cikin lissafinsa, zuwana na ƙarshe dai bai saya ba tukuna.